Amsar da Auta Ba Ta Ji Ba

Ranar Laraba, tara ga watan nan, da la'asar sakaliya, Allah ya karɓi ran aminina, tsohon matuƙin jirgin sama kuma malamin matuƙa a ɗan ƙaramin filin jirginmu, wanda kowa ya sani da Dogo. Ya rasu a ɗakinsa, a gidansa da ke bayan shingen fili, bayan ya daɗe yana fama da ciwon zuciya. Ina zaune a bakin gadon lokacin da rai ya yi halinsa. Dukanmu na Allah ne, wurinsa kuma kowa ya dosa, Dogo dai ya riga mu isa.

Ni ba marubuci ba ne. Feshin gonaki da jirgi shi ne aikin da na tsufa a kansa, har yau kuma Mai Feshi ake ce mini, ko da yake na daɗe da ajiyewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Dogo, shi ne Auta. Tun ranar da muka kai ka makwancinka 'yarka ba ta sake taɓa jirgi ba, ita da ka koya wa tuƙi da hannunka. Ta taso daga nesa domin ta same ka da rai, ta iso saman fili, ta tsaya yin zagayen da ka koya mata maimakon ta miƙe ta sauka, 'yan mintunan nan kuwa su suka hana ta ganinka. Mahaifiyarta ta gaya mini cewa ba rashin ganin ne ya fi cin ta ba. Wai ta yi ta kira a rediyo ba ka amsa mata ba. Ni kuwa ina cikin ɗakin, na ga abin da ba ta gani ba. Na je takanas in faɗa mata, muna gama gaisawa ta ɗago kai, na ga idonka ne sak a fuskarta, sai na fasa. Na sha ruwan da ta kawo mini na taso. Saboda haka zan rubuta, amma daga farko zan faro, domin ka san ban iya gajarta labari ba, kai ma kuma ba ka taɓa son a yanke hanya ba.

Wanda bai san ƙaramin fili ba zai zaci ko'ina akwai hasumiya, da mutum a ciki yana cewa wane sauka, wane dakata. Namu ba haka yake ba. Titi ɗaya ne, da rumfar jirage, da tankin mai, da wata doguwar safa ta yadi mai ruwan lemo a kan sanda, wadda ke nuna inda iska ta nufa. Babu mai ba da umarni. Matuƙa ne ke tsare ran junansu, abin da suke tsarewa da shi kuwa shi ne zagaye. Idan ka zo sauka, ba ka faɗo wa titi kai tsaye. Sai ka fara bi ta saman fili, can sama da inda sauran jirage ke shawagi, ka duba safa, ka duba ko akwai wani abu a kan titi, ka ga su wa suka riga ka. Sannan ka fita gefe, ka rage tsayi nesa da mutane, ka dawo a karkace ka shiga sahu ta tsakiyar dogon gefen da ke daura da titi, a tsayin da kowa yake. Daga nan kowa hagu yake juyawa, kwana ta farko, kwana ta biyu, sai ga titi a gabanka. A kowace gaɓa kuma ka faɗa a rediyo ko kai wane ne, ina kake, me kake shirin yi. Wanda ya riga ka shiga sahu shi ke da hanya, ko da jirginka ya fi nasa gudu da kyau.

Duk wannan yana cikin littattafai, kowane ɗalibi kuma yakan haddace shi saboda jarrabawa. Da yawa sukan riƙe shi ranar da suka ga cunkoso, ranar da fili ya yi shiru kuma su ce ai babu kowa. Kai ko ranar da ko tsuntsu babu a sama sai ka yi zagayenka cikakke, kana ta zuba bayani a rediyo kai kaɗai. Wani ɗalibi mai baki ya taɓa tambayarka amfanin wannan surutu. Ka dube shi daga can sama, da yake kowa daga sama kake dubansa, ka tambaye shi ko idan ya je gidan mutane ya ji tsakar gida shiru, faɗawa ciki yake yi ba sallama. Yaron ya sosa ƙeya, bai sake tayar da zancen ba.

Ni dai ban isa in yi wa wannan hali naka dariya ba, domin ta dalilinsa nake raye. Lokacin muna da ƙuruciya, ban ma san ka ba. Na dawo daga feshi da yamma a tsohon jirgina mai ruwan ɗorawa, wayar rediyona ta ƙone tun a gona, ba na ji, ba a ji na. Na shiga sahu yadda aka saba, na yi kwanata ta ƙarshe, na miƙe ƙasa-ƙasa ina fuskantar titi, rana tana dukan idona. Ashe a daidai lokacin kai ma kana tahowa, karon farko da ka taɓa zuwa filinmu, ɗauke da wani ɗan kasuwa mai gaggawa. Hanyarku ta zo daidai da bakin titi. Ka yi kira a rediyo babu wanda ya tanka, mutumin kuma yana ta nuna maka titi da yatsa yana cewa ga shi nan a miƙe, me ake jira. Jirginka fukafukansa a ƙasa suke, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinka. Nawa a sama suke, ba na ganin abin da ke kaina. Da ka biye masa, da ka sauko mini a ka, da mu ukun an kwashe mu a tsinke kafin magariba.

Ba ka biye masa ba. Ka bi ta saman fili, ka karkata fiffike ka leƙa, sai ga ɗan jirgi mai ruwan ɗorawa yana rarrafe a inda za ka bi. Ni ban san an yi ba sai da na sauka, na ga wani baƙo mai dogayen ƙafafu ya nufo ni, fasinjansa na biye da shi yana kumfar baki. Na gyara tsayuwa ina jiran faɗa. Sai kawai ka yi mini sannu da aiki, ka ce in nuna maka rediyon. Ka naɗe hannun riga, muka duƙufa a kai har rana ta faɗi, ɗan kasuwar kuwa ya gaji da tsayuwa ya nemi mota. Da na fahimci rijiyar da na tsallake, sai na zauna a kan taya ina ta yi maka godiya. Ka ce in daina.

"Ba don kai na zagayo ba, ai ban san kana nan ba," in ji ka. "Kullum don wanda ban san da shi ba nake zagayowa."

Daga ranar muka ƙulla, kai kuma ba ka sake barin filin nan ba. Ka kama koyarwa, ka sayi gidan bayan shinge, ka yi aure, ka haifi 'ya'yanka a cikin ƙarar injuna. Muka tsufa tare muna musu. Kai ka ce ni direban tantan ne da aka ɗaura wa fukafukai, ni in ce da ana biyan mutum don ya ɓata wa fasinja lokaci, da babu wanda ya kai ka arziki. Ban tuna ranar da muka yarda da juna a kan yanayin gobe ba, kuma ban tuna ranar da na sha shayin safe ba tare da kai ba, in dai muna gari.

Koyarwarka ma abin kallo ce. Ka samu farin fenti ka zana titi da zagayensa a daɓen rumfar jirage, ka ce babu ɗalibin da zai hau sama sai ya iya shi da ƙafa. Sai ka ga manyan mutane, wasu da furfura a gemu, wasu likitoci, wasu masu kamfani, sun ware hannuwa suna taka layi suna faɗin inda suke da ƙarfi. Kai kuma ka laɓe bayan wani jirgi da tsintsiya mai dogon mariƙi. Tsintsiyar nan ita ce jirgin da ba shi da rediyo, wato ni ke nan, don har sunana ka sa mata. Duk wanda ya zo kwana bai waiga ya duba bayansa da ƙasansa ba, sai ya ji ta a gadon baya. Ka ce masa ya mutu, ya je ya zauna ya sha ruwa, idan ya farfaɗo ya dawo. Akwai wani babban mutum da ya mutu a daɓen nan ya fi a ƙirga cikin yini ɗaya, ya yi fushi ya tafi, bayan mako ya dawo da ƙafarsa. Shekaran jiya ya zo gaisuwa daga nesa, ya je ya tsaya a kan layin fentin.

Auta tun tana tatata take bin layin nan. Yayyenta duk sun gudu, wannan ya zama malamin makaranta, wancan ya shiga harkar gini, ita ce kaɗai ta liƙe maka. Ba ka kuwa taɓa rangwanta mata don tana 'yarka ba. Ta sha tsintsiya fiye da kowa.

Alherinka ba irin mai shela ba ne. Safar nan ta kan sanda, duk lokacin da rana da iska suka cinye ta, kai kake ɗinka sabuwa da keken mai ɗakinka, ita kuma tana mita cewa ka ƙarar mata da allurai a kan yadin da ko buhu ya fi shi laushi. Baƙon matuƙin da hadari ya tare a filinmu bai taɓa kwana a cikin jirginsa ba, ɗakin baƙinka yake kwana, da safe kuma ka raka shi har bakin titi kana gaya masa inda wayoyin lantarki suka gitta. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, kowa yana kauce masa don kada ya ji kunya, kai kake zuwa ƙofar gidansu da sassafe ka ce ya fito, iska ta yi kyau. Lokacin da matata ta rasu na daina fita, ba ka yi mini wa'azi ba. Kullum sai ka zo ka zauna ka kawo wani zancen banza da ka san ba zan iya jurewa ba, kamar cewa jirgina bai taɓa tashi a miƙe ba, har sai na harzuƙa na biyo ka rumfa don in ƙaryata ka. Sai daga baya na gane dabarar.

Ranar da likita ya ce zuciyarka ba za ta ƙara ɗaukar tuƙi ba, na zaci za ka karye. Ka dawo ka shiga jirginka a cikin rumfa ka zauna, hannunka a kan sitiyari, injin a kashe. Ban matsa kusa ba. Washegari sai ga ka da kujerar roba da oba-oba, wato ɗan rediyon hannu, ka kafa a inuwar rumfa inda kake ganin titi da safa. Ka ce kai ba hasumiya ba ne, ba ka da ikon ce wa kowa ya yi ko ya bari, don haka ba za ka cika wa mutane rediyo da magana ba. Abin da kake yi kawai, idan matuƙi ya faɗi inda yake kuma ka ga da gaske a nan yake, sai ka latsa maɓallin oba-oba sau biyu. A kunnen matuƙi sai ya ji ƙas-ƙas. Ma'anarta an ji ka, an gan ka, kana daidai. Ba ka buɗe baki sai idan ka hango haɗari.

Wanda kuwa ya yanko hanya ya faɗo kai tsaye, ko ya shiga gaban wanda ya riga shi, sai ya ji shiru. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Mutum ya sauka ya zo ya gaishe ka, ka amsa da fara'a, ka zuba masa shayi, ka tambaye shi iyali, ko kalma ɗaya ba za ka faɗa a kan saukarsa ba, shi kuma shayin ya ƙi wuce masa. Na san matuƙan manyan jirage da suka ratsa duniya, waɗanda idan suka zo filinmu sai ka ga suna gumi a kan ƙas-ƙas ɗin tsoho mai kujerar roba. Auta kanta ta taɓa ɗanɗanawa, ranar da ta manta ba ta faɗi kwanarta ta farko ba. Ta sauka fuska a murtuke, ta wuce mu ta nufi gida, mahaifiyarta ta ce ranar ko abinci ba ta ci ba. Na ce maka ka cika tsanani, yarinya ce. Ka ce sama ba ta san yarinya ba. Amma na ga yadda ka yi ta juya oba-obar a hannunka har yamma, kai ma shayinka ya huce ba ka sha ba.

Daga baya ta samu aikin ɗaukar marasa lafiya a wani yanki mai nisa, zuwanta gida ya zama jefi-jefi. Duk ranar da za ta zo, tun safe kake sa wa oba-oba batir sabo, kana cewa wai tsohon ne ya yi sanyi.

Yanzu na zo kan ranar Laraba. Jikinka ya rikice tun da safe, likita ya zo ya duba, ya ja mu gefe ya ce a kira wanda za a kira. Ka ƙi a kai ka asibiti, ka ce ka gaji da kallon silin ɗin mutane. Aka yi wa Auta waya, ta ari ƙaramin jirgi ta taso. Da la'asar numfashinka ya fara sarƙewa, ka yi nuni da hannu, mai ɗakinka ta miƙo ruwa, ka girgiza kai. Oba-oba kake so. Na ɗauko na kunna na ɗora maka a ƙirji, ka rufe ta da tafin hannunka. Can sai muka ji muryarta, a natse, kamar ba ita ce aka gaya wa mahaifinta na kan gargara ba.

"Jama'ar fili, ƙaramin farin jirgi ne daga gabas. Zan bi ta sama in duba safa."

Na leƙa ta taga. Iska daga yamma take, jirgi kuwa iska yake fuskanta in zai sauka, wato hanyar Auta ta zo daidai da bakin titi, in ta miƙe kawai sai sauka. Sama fayau, babu jirgi ko ɗaya, rumfa a rufe. Na dubi fuskarka na ga abin da ya rage ba shi da yawa. Mai ɗakinka tana hawaye ta ce, "Baban Auta, ka bar yarinyar nan ta zo." Ni kuma na kai hannu zan karɓi oba-obar in gaya mata ta miƙo, na duba babu kowa. Wallahi ban san inda ka samo ƙarfin ba. Ka damƙe ta, ka dube ni da idon nan da kake duban ɗalibai, ka tattaro numfashi da ƙyar.

"Ranar taka ma babu kowa."

Na janye hannuna. Ka juya wajen matarka ka ce mata tana zuwa.

Sai ga ƙarar injin ta taso, ta yi ta matsowa har ta ratsa ta kan rufin ɗakin, gilashin taga yana rawa. Wanda ya faɗo kai tsaye daga gabas ba ya bi ta kan gidan nan, sai wanda ya tsaya duba safa. Ka lumshe ido kana saurare, na ga fuskarka ta saki yadda ban gan ta ba tun da ka kwanta. Babban yatsanka yana kan maɓalli, na ga ya motsa sau biyu. Ta fita gefe, ta dawo a karkace, ta ce ta shiga sahu. Yatsan ya motsa sau biyu. Ta faɗi kwana ta farko, wadda ta taɓa mantawa, leɓenka ya ɗan ja kamar za ka yi murmushi, yatsan ya sake motsawa. Ta faɗi ta ƙarshe, ta ce ga titi a gabanta. Wannan karon da ƙyar ya ɗaga, amma ya ɗaga, sau biyu, da idona na gani. Muka ji ta rage wuta, muka ji tayoyi sun taɓa ƙasa.

"Ta shigo daidai," in ji ka.

Ita ce maganarka ta ƙarshe ta duniya. Bayanta sai kalmar shahada, mai ɗakinka tana faɗa kana bi. Kafin Auta ta kashe inji ta ratso ƙofar shinge da gudu, na riga na shafe maka ido.

Ni a zatona ta ji duk amsoshin nan. Kunnena ya tsufa, hankalina kuma yana kan fuskarka. Sai da mahaifiyarta ta gaya mini abin da ke cin ta, na zauna na tuna cewa 'yar jar fitilar da ke kamawa idan an latsa maɓalli ba ta kama ba ko sau ɗaya. Ƙarfin da ya rage maka ka ƙarar da shi wajen hana ni, yatsan ya kasa danna maɓallin har ƙasa. Ita kuwa a sama shiru ta ji, kuma kai ka koya mata ma'anar shiru. Tun ranar take ganin ta yi kuskure biyu, ta makara, kuma ba ka yarda da shigowarta ba.

Dogo, ina kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa. Har yanzu ƙafata tana kai ni rumfa da safe ba tare da na yi niyya ba. Nakan haɗa shayi in ga na ɗauko kofi biyu. Jirgi ya bi ta sama in juya in ce maka dubi wannan, sai in ga kujerar roba da ramin da ƙafafunta suka yi a ƙasa. Babu wanda yake ƙaryata ni yanzu idan na ce gobe za a yi ruwa, kowa sai ya ce haka ne Baba, ni kuma ba haka nake so ba. Safa ta fara yagewa a baki, ban san wanda zai ɗinka ba. Matuƙa suna zuwa, suna faɗin inda suke a rediyo, ina jin yadda suke ɗan dakatawa bayan kowace magana kafin su tuna ba ka nan.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Mun shaida bai taɓa shiga gaban wanda ya riga shi ba, bai taɓa sayar da ran wani don gaggawarsa ba, ya tsare mutanen da bai sani ba, waɗanda da yawansu har yau ba su san ya tsare su ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka sa duk saukar lafiya da wani ɗalibinsa zai yi ta zama lada mai gudana gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta yi haƙuri da ƙarar injuna da baƙin da ba a sanar da zuwansu ba da karyayyun allurai, Allah ya ba ki juriya ya saka miki. Ina yi wa 'ya'yansa maza da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da ɗalibansa da ke warwatse a filaye manya da ƙanana. Ku kuma ɗalibai, idan kuna son yi masa wani abu, kun san abin da yake so, ku yi shi har ranar da kuka tabbata babu kowa.

Ke kuma Auta, 'yata, ga abin da bakina ya kasa faɗa miki. Ba ki makara ba. Ni na so in kira ki ki miƙo, babanki ya hana, da sauran ƙarfin da ke jikinsa. Ya ji ki a kan rufinsa, ya bi ki gaɓa-gaɓa har ƙasa, ya amsa miki kowane kira, yatsa ne ya gaza. Oba-obarsa tana hannuna, mahaifiyarki ta ba ni, na sa mata sabon batir. Kujerar tana inda take, daga gobe kuma a kanta za a riƙa samuna. Ba na gaggauta ki. Amma duk ranar da kika bi ta saman fili kika yi kira, za ki ji ƙas-ƙas a kunnenki. Kada ki ɗauka tawa ce. Ta ranar Laraba ce, ni isar miki da ita kawai zan yi.

Allah ya jiƙanka, Dogo. Ka yi shekaru kana sallama ko babu mai amsawa, Allah ya sa inda ka isa yanzu an amsa maka da rahama, mu kuma ya kyautata namu zuwan.